Sunan Maigida a Takardar Lakwal

Ranar da suka zauna a kan jikana, ga waɗanda ke wurin. Akwai mai gari, bisa kujerar ƙarfen da ake ɗauko masa duk inda za shi, kamar ƙasa za ta cije shi. Akwai liman da tasbaharsa. Akwai darektan lakwal, wato makarantar boko, mai alƙalami uku a aljihun gaba, ban taɓa ganin ya ciro fiye da ɗaya ba. Akwai ƙaramin malamin aji, ɗan Tasawa, wanda yara ke ce wa Mushe, yadda ake kiran malami da faransanci, gemu bai gama fito masa ba. Akwai sarkin samari, wanda tun da soja suka hau mulki ya ɗauka shi ma an ba shi bindiga. Akwai gardi guda da aka aiko daga Mayahi ya tsare ɗakin abincin lakwal. Sai babban ɗana, ɗan farina, shi ne ya tara su. Maza bakwai ke nan, a inuwar bedin lakwal, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, bayan azahar. Ta takwas ni ce, kuma ba wanda ya kira ni. Yaron da ake maganarsa yana can gindin zanar aji, ya ba su baya, yana jera ƙwallayen aduwa a ƙasa.

Ɗan autana ne ya haife shi. Uwar ta rasu yana shekara biyu, uban ya tafi cin rani Nijeriya, daga nan sai labari ya yanke. Ni na goya shi. Sunan maigidana marigayi aka sa masa, don haka bakina bai taɓa faɗin sunan ba, kuma ba zai faɗa ba har a kai ni kabari. Maigida nake ce masa.

Tun yana ƙarami na gane ba irin sauran ba ne. Ba ya kallon idon mutum. Ba ya son a taɓa shi, ko ni sai dai ya riƙe bakin zanena. Idan ka ce masa, "Za ka sha fura?" sai ya ce maka, "Za ka sha fura?" da irin muryarka. Idan ya ji daɗi sai ya riƙa kaɗa hannuwa gaban fuskarsa. Hanya ɗaya yake bi zuwa rijiya, in an ɗaure jaki a kanta sai ya tsaya har a kwance. Fura yake sha, a ƙwarya guda mai ɗinki a baki, in aka canza ƙwaryar ya kwana da yunwa. Mutanen gari suka ce iska ce. Wasu suka ce musanya mini shi aka yi a gindin tsamiya. Na ba shi rubutu, na yi masa hayaƙi, na kai shi har Kona wurin dangina, masu magani suka cinye mini kaji suka bar mini yarona yadda yake. Yanzu na ji a rediyo likitoci suna da sunan da suke ba wannan hali. A lokacin, sunan da garinmu ya ba shi guda ne: wawan gidan tsohuwa.

Shekara guda kafin babban fari, takarda ta zo wa mai gari cewa kowane babban gida ya ba da yaro ɗaya a sa lakwal. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. A garinmu, can arewa wajen Issawane, lakwal kamar jangali take. Ana jin motar masu ɗaukar yara sai a cusa yaro cikin rumbu, ko a tura shi ruga wurin Fulani. Wanda bai da gata shi ake miƙawa: maraya, ko mai ciwon ƙafa, ko ɗan wanda mai gari ke jin haushinsa. A gidanmu yara biyu suka isa. Akwai ɗan babbana, ƙaƙƙarfa, ya iya kiwon awaki ya fara riƙe hauya. Akwai Maigida. Babbana ko shawara bai yi ba.

"A ba su wancan," in ji shi. "Dama ba ya tsinana komai."

Yadda suke gane yaro ya isa lakwal, sai a sa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Darekta ya kama hannun Maigida zai ɗora masa, yaron ya ƙwalla ihun da ya tashi tsuntsayen bedi. Darekta ya sake shi da sauri, ya rubuta sunan, tunda adadi yake so ya cika. Mai gari ya yi dariya har da tafi.

"Gwamnati yaro ta ce. Ba ta ce mai hankali ba."

Na ji shi. Na ajiye.

Lakwal ɗin tana da ƙararrawa, ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a reshen bedi, ana dukansa da guntun ƙarfe. Kwana uku Maigida yana dawo mini da shatar bulala a baya. Rana ta huɗu na ɗauki mazarina da audugata na bi shi. Ajinsu na kara ne, kana waje kana ganin komai ta tsakanin zana. Na zauna na ƙi tashi. Ban san baƙi ba, ko ɗaya, amma na yi shekara hamsin ina kallon dabba da yaro da sararin sama, kuma wanda ya iya kallo ba ya rasa karatu. Kafin azahar na ga abu uku. Ana buga ƙarfen sai ya toshe kunne ya faɗi ƙasa. An sa shi tsakiyar benci, yara na gugarsa hagu da dama. Kuma duk lokacin da ya faɗi, Mushe sai ya ɗauko bulala.

Na tare Mushe a bakin aji.

"Kai ɗan nan, uwarka koyarwa ta aiko ka ko jimar fata?"

"Kaka, ba ya jin magana ne."

"Yana ji, ya fi ka ji. Jin ne ya yi masa yawa. Kai in aka buga wannan ƙarfe cikin kanka, tsayuwa za ka yi?"

Ya fara yi mini faransanci, na ce ya riƙe abinsa, ba na saye. Na ce ya mayar da yaron ƙarshen benci, jikin dirkar da ke riƙe rumfar, inda ba mai taɓa shi ta gefe ɗaya. Na ce kafin a buga ƙarfe ya ɗaga masa hannu, ya san yana zuwa. Ni kuma na ɗinka masa hula haɓar kada, mai rufe kunne, na cusa auduga ciki. Mushe ya yarda. Ko tsoron bakina ne, ko hannunsa ne ya gaji da duka, Allah masani. Amma gaskiya ɗaya ce, in faɗe ta: ya riƙe alkawarin. Kullum yana ɗaga hannun. Ihu ya ragu, ya ragu, har ya zama sai ranar da wani ɗan banza ya buga ƙarfen ba lokacinsa ba.

Abin da ya gagara shi ne kiran suna. Kowace safiya Mushe zai buɗe babbar takarda ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce "ferezan", wai ma'anarsa ga ni. Idan aka zo kan Maigida, shiru, yana kallon dirka. Amma da la'asar a gida, yana jera ƙwallayen aduwarsa, sai in ji yana kiran sunayen ajin nan kaf, daga na farko har na ƙarshe, da muryar Mushe, har da tarin da Mushe ke yi a tsakiya. Kowane suna ya ajiye ƙwallo, ya amsa wa mai sunan. In ya zo kan nasa sai ya kira ya yi shiru, daidai tsawon shirun da ake yi a aji, ya wuce.

Ni ba zan iya kiran sunan ba, na faɗa muku dalili. To tunda shi yana kira, sai na zama mai amsawa. Yana faɗin sunan in ce, "Ferezan, Mushe." Tsohuwa da jika goma sha, ina tankaɗe ina faransanci. Matan gida suka yi dariya har suka gaji. Wata biyar muna haka. Ran nan ya kira sunan, na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da tankaɗena. Ya jira. Ya sake jira. Can sai na ji ƙasa-ƙasa, "Ferezan, Mushe." Bayan kwana tara ya faɗa a cikin aji. Ina bayan zana. Mushe ya tsaya da takarda a hannu kamar an ce masa jaki ya yi sallama. Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Har ya fara kwafar abin da ke babban allo a nasa ƙaramin, a hankali, layi a miƙe kamar kunyar gwanin manomi. Ko daidai yake rubutawa ko ba daidai ba, ban sani ba. Na dai san yana zaune cikin yara, ana kiransa yana amsawa, kuma a duk duniya nan ne kaɗai ake kiransa ya amsa.

Sai ruwa ya ɗauke. Aka yi shuka sau uku, rana ta cinye. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Aka sayar da awaki kuɗin kaza, waɗanda ba a sayar ba suka mutu a turke. Muka koma anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki a zubar da ruwan ɗacin, a ci abin da ya rage. Aka rufe iyaka, masu cin rani ba su dawo ba, ba su aiko ba. Ana cikin haka motar soja ta shigo gari ta sauke buhuna a lakwal. Aka ce daga yau yaran lakwal za su sha kunu da madarar gari da hantsi, su ci jar dawa da rana.

Da kun ga garinmu a satin nan. Mutanen da suka cusa ƴaƴansu a rumbu su ne suka jawo su da hannu, an wanke musu fuska, ana rantsuwa wai dama yaron tun yana ciki yake son boko. Darekta ya ce takarda ta rufe, an aika sunaye Mayahi, abinci bisa suna yake zuwa, ba a ƙara ko ɗaya. Kowa ya koma gida yana zagin wanda ya ba shi shawarar ɓoye ɗa.

Babbana bai zagi kowa ba. Ya yi ta zuwa gidan mai gari da gidan darekta, har suka haifi dabararsu. Tunda ba a ƙara suna, sai a canza yaro a bar sunan. A cire Maigida, a zaunar da ɗan babbana a wurinsa, in an kira sunan shi ya amsa. A lakwal ya zama shi ne, a takarda ya zama shi ne, har ya girma. Wai an sha yi a wasu garuruwa, ba wanda ya mutu. Matar liman ce ta tsegunta mini a rijiya. Shi ya sa da na ga an ɗauko kujerar ƙarfe an nufi bedi, na ɗauki mazarina na bi bayanta.

Darekta ya fara. Ya ce shi ba ƙin yaron yake ba, amma lakwal ba asibiti ba ce. Ya ce kumandan, sojan da ke mulkin Mayahi, zai zo duba abincin nan ko yau ko gobe.

"Kun san zamanin da muke ciki. Ana ɗaga tuta, ko mai wucewa bisa jaki sai ya sauka ya ƙame. Wannan yaron kuwa zagaya sandar tuta yake yana kaɗa hannu. In kumandan ya gani, ni za a tura ƙarshen rairayi, inda ko wasiƙa ba ta zuwa."

"Gaskiya ne," in ji sarkin samari. "Cin mutuncin ƙasa ne."

Ƙasar da ba ta ba shi ko zangarniya ɗaya ba a shekarar.

"Sannan abincin ma ba ya ci," darekta ya ƙara. "A zuba masa kunu ya ture. A zuba masa dawa ya bar wa ƙuda. Ga yara na mutuwa a gari."

Liman ya ja tasbaha ya ce irin waɗannan bayin Allah ba a ɗora musu komai ba, ko salla ba ta hau kansu ba balle boko, a bar shi a gida ya huta, shi ne jinƙai.

Nan na yi gyaran murya. Ba a so mace ta yi magana a irin wannan zama, kuma ni ban taɓa yi wa ɗan farina magana a gaban mutane ba, ko kallonsa ba na yi, haka aka tarbiyyantar da mu. Don haka liman na fuskanta.

"Malam, wa ya raɗa wa yaron nan suna?"

"Ni ne, Inna."

"Cinyar ragon, gidan wa aka kai?"

Ya mayar da ido kan tasbaharsa.

"To yara nawa ka raɗa wa sunan a ranar? Ni dai rago ɗaya na ga an yanka. Nawa ne kuma, ni na yi kiwonsa."

"Tsohuwa," in ji mai gari, "suna a takardar nasara ai ba suna ba ne. Rubutu ne kawai."

"Ranka ya daɗe, bara da kuka ba da shi, ka ce gwamnati yaro ta ce, ba ta ce mai hankali ba. Ina nan tsaye. Gwamnatin ce ta canza magana, ko ƙamshin kunu ne ya shiga gari?"

Gardi ya juya kai yana danne dariya. Mai gari ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara. Ya ce a tambayi malamin aji, shi ya san ko yaron na ɗaukar karatu.

Duk muka dubi Mushe. Shi kam ya sani. Shi ya ɗaga hannu kowace safiya shekara guda. Shi ya tsaya da takarda ranar da Maigida ya fara amsawa. Har ya taɓa kawo mini allon yaron bayan zana, yana nuna mini da yatsa yana cewa, "Kaka, duba, ba kuskure ko ɗaya," kamar ina iya dubawa. Ya buɗe baki, ya dubi darekta, ya dubi alƙalaman nan uku, ya dubi takalminsa.

"Eh to... a hankali dai. Yadda manya suka gani."

Na taɓa ganin kare ya bar ɗansa wa kura, amma shi kare bai yi shekaru a Maraɗi ana koya masa tarbiyyar yara ba.

Sai babbana ya yi magana, kansa a ƙasa, don shi ma ba ya iya kallona.

"Inna, nawa ma jikanki ne. Jiya anza ya ci, ya kwana yana amai. Wuyansa ya zama kamar na zakara. Wancan ko an bar shi shekara goma, mi za ya zama? Wanga kuwa in ya yi karatu za ya zama malamin lakwal. Albashi ba ya jiran ruwa."

Maganar ta soke ni, don rabinta gaskiya ce. Na ga wuyan yaron, ni ma na goya shi. Amma ɗaya rabin na ji shi sarai. Ba kunu kaɗai yake so ba. Ya ga gona ta ci amanarsa, ya hango albashi, yana so ya karɓe abin da ya jefar bara da hannunsa, tunda yanzu ya ga yana da mai.

Na ce, "In don ciki ne, ai kwano..."

"Inna, maganar maza ake!" sarkin samari ya daka mini tsawa. Yaron da na cire wa ƙaya a ƙafa yana majina.

Mai gari ya yanke. Daga gobe ɗan babbana zai zauna a aji ya amsa sunan. Maigida ya zauna gida. Kowa ya riƙe bakinsa, in kumandan ya zo ba wanda ya san komai. Liman ya shafa fatiha a kai. Fatiha! Suka tashi suna kakkaɓe riguna, kowa na jin ya yi aiki. Maza bakwai, tun azahar har la'asar sakaliya, sun taru sun ƙwace wa maraya abu ɗaya da ya mallaka, sun kira shi jinƙai.

Na juya na bar su. Na je gindin zana na tsaya har Maigida ya gama jera ƙwallayensa, don ba a katse shi. Ya kira sunayen kaf, ya zo kan nasa, ya amsa. Ya kwashe ya zuba a aljihu, ya kama bakin zanena, muka bi hanyarmu ta kullum.

Washegari na yi sallar asuba, na ɗebo daga ɗan geron da na ɓoye a tulu saboda shi, na dama masa fura a ƙwaryarsa mai ɗinki. Na sa masa hularsa. Na ɗauki mazari da buzu da sauran furar, na ɗauki kwano ɗaya na sa a cikin zane. Ban ce masa za mu lakwal ba, ba sai an ce ba. Ko ɗaure shi aka yi, lokacin na yi zai kama hanya.

Mun tarar an riga mu. Ɗan babbana na zaune jikin dirka, an aske masa kai, an ba shi allo. Ubansa na tsaye nesa kaɗan, wajen bedi. Na leƙa aji.

"Kai, matsa."

"Kaka, Baba ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Matsa, ka bar masa tazara, kada ka gugi jikinsa."

Ya matsa. Yaron kirki ne, ba shi ya ƙulla ba. Maigida ya zauna wurinsa, ya ajiye allonsa daidai inda yake ajiyewa, ko kallon ɗan'uwan bai yi ba. Na shimfiɗa buzuna a bakin ƙofa, ba bayan zana ba yau, na fara kaɗi. Da lokacin ƙarfe ya yi, na ga hannun Mushe ya ɗaga da kansa kafin ya tuna an gama magana jiya.

Darekta ya taho da sauri.

"Tsohuwa, ba a gama wannan zance ba?"

"Ban zo zance ba. Kaɗi na zo yi."

Ya dubi Mushe ya ce a kira suna. Ina jin ya ɗauka in aka kira, babban zai riga amsawa, shi ke nan a wuce. Mushe ya buɗe takarda. Ya kira na farko, ya kira na biyu, ya yi tarinsa a inda ya saba. Da ya zo kan sunan ya ɗan tsaya, sannan ya kira.

"Ferezan, Mushe."

Daga jikin dirka ta fito, kafin ɗayan ya ko ja numfashi. Yaran aji ba wanda ya waiga, sun saba. Ɗan babbana ya rufe bakinsa ya sunkuyar da kai.

"A fitar da shi," in ji darekta.

"Fitar da shi," na ce. "Ga shi nan, ɗauke shi, in kana son a ji ihunsa har garin Maijirgi. Amma ka sani, wata biyar na yi ina ɗaura wannan magana a bakinsa, ba kai za ka kwance ta a kwana ɗaya ba. Gobe zai zo. Jibi zai zo. In kun hana shi shiga zai tsaya bayan zana, a kira sunan ya amsa daga can. Ni kaina ban iya hana shi ba. Ranar da kumandan ya zo, zai ji murya biyu a suna ɗaya, ɗaya ciki ɗaya waje. Sai ka gaya masa wanne ne mai sunan, da wanda ya ba ka izinin canzawa a kan abincin soja."

Na ga maganar tana sauka masa kamar ruwan sanyi a gadon baya. Yaro mai zagaya tuta abin faɗa ne. Wasa da takardar abinci kuwa, a zamanin nan, kowa ya san inda yake kai mutum, kuma ba ƙarshen rairayi ba ne kaɗai. Bai yi tunanin wannan ba jiya, cikinsu bakwai ba wanda ya yi, don ba wanda ya taɓa zama ya kalli yaron ko na rabin yini. Sun ɗauka in aka ce masa zauna gida zai zauna, kamar tunkiya.

Ya taɓa aljihun alƙalamansa. Ya dubi wajen bedi inda babbana yake. Ya ce wa Mushe wani abu da faransanci a gajarce, ya juya ya shige ofishinsa. Mushe ya ciro alƙalami ya yi ɗan zane gaban sunan, ya kira na gaba. Bai dube ni ba. Gara da bai duba ba.

Da hantsi aka fito da tukunyar kunu, yara suka yi layi. Na ciro kwanon daga zanena na shiga layin a madadin Maigida, ni da furfurata a tsakiyar ƴan shekara bakwai. Mai rabo ta dubi gardi, gardi ya ce abinci dai ba ya fita filin lakwal. Na ce ba inda za shi. Aka zuba mini rabon Maigida. Na kira ɗan babbana na zaunar da shi nan gaban gardin, na miƙa masa.

"Sha. Da rana ma ka dawo, akwai dawa. Kullum ka zo, amma da sunanka za ka zo."

Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Ubansa na tsaye inda yake. Ban dube shi ba. Na dai ɗaga murya yadda bedin zai ji, na ce abin da maza bakwai suka wuni a kansa, ga shi kwano ɗaya ya raba.

Na miƙa wa Maigida sauran furarsa a ƙwaryarsa, ya shanye yana kallon dirka. Mushe ya ɗaga hannu, aka buga ƙarfe, yara suka koma aji. Na koma bakin ƙofa na zauna bisa buzuna, na ɗauki mazarin daga inda zaren ya tsinke.